Tambayoyinku: Wa ke tsawatarwa a Mastodon, kuma tsabar kuɗi nawa doka ta yarda a karɓa?

Malam, ina son buɗe asusu a Mastodon, amma an ce babu kamfanin da ke iko da shi. To in wani ya zage ni, wa zan kai wa ƙara? Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Ɗan'uwa, abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Mastodon dandalin sada zumunta ne na intanet. Eugen Rochko ya ƙirƙiri manhajar a Jamus a 2016, amma kowa na iya kafa tasa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da asusun masu amfani, ya gindaya dokokinsa, sabobin kuma su riƙa musayar saƙo ta tsarin ActivityPub. Kamar masu unguwanni ne da ba su da sarki a kansu.

In ka kai ƙara, wurin masu kula da sabarka take zuwa, kuma za ka iya zaɓar a tura kwafi ga sabar wanda ya zage ka. Masu kula da sabarka na iya ɓoye shi ko su toshe shi daga gidansu, amma ba su isa su goge asusunsa ba. In sabar tasa ta zama matattarar 'yan iska, sai su yanke hulɗa da ita gaba ɗaya. Haka sabobi da yawa suka yi wa wani dandalin sada zumunta mai suna Gab a 2019.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Yawancin masu kulawar 'yan sa kai ne da ba sa jin Hausa, balle su gane habaici ko gugar zana. Don haka ka haɗa ƙararka da bayanin ma'anar maganar. Ni dai ba na ba kowa shawarar shiga sabar da ba ta rubuta dokokinta a fili ba. In ba ta yi maka ba, za ka iya ƙaura da mabiyanka, sai dai tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa binka. Ka kuma sani mai sabar na iya karanta saƙonka na sirri.

Ina harkar shanu a kasuwar Mai'adua. Yarona ya ce laifi ne in karɓi naira miliyan 8 a hannu, sai ta waya. Da gaske? Mai karatu daga Daura.

Alhaji, yaron ya yi daidai. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki. Mai bayarwa da mai karɓa duk ta shafa. Kada ka rikita wannan da ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta cire naira 500,000 a mako, wadda caji kawai ake yi wa wanda ya haura.

Ba mu kaɗai ba ne: Tarayyar Turai za ta sa iyakar Yuro 10,000 daga 2027, Faransa kuwa tun 2015 ta tsaya a Yuro 1,000 ga mazauninta mai biyan ɗan kasuwa.

Kafin ranar kasuwa, mai saye ya je bankinsa a ɗaga masa iyakar turawa. Kai kuma kada ka saki dabba saboda saƙon tes ko hoton rasit. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna tukuna.