Motata ba ta sha hanya ba: in ba dila ko in nemi mai saye da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Ina da Corolla LE ƙirar 2010, 'yar Beljiyam na saye ta, kuma gaskiya ba ta shan hanya, daga masallacin Juma'a sai kasuwar Gujungu ran Lahadi, sai ko in za a kai mara lafiya asibiti. Mitarta 71,000 take nunawa. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 ma babur na koma hawa, ita tana ajiye a rumfa. Yanzu ina so in sayar in ƙarasa gini, wani dila daga Kano ya zo ya taya miliyan 6 kuɗi hannu, abokai kuma na cewa kar in yarda. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a gama gini lafiya. In ba wai bashi ne ya shaƙe ka ba, ka ce wa dilan nan albarka, amma ka riƙe lambarsa.

Dila ba ya biyan kuɗin ƙarancin tafiya, sayar da shi yake yi. Ran da ya zo wajenka na tabbata ya leƙa mitar ya taɓe baki ya ce ai mita juya ta ake yi, kuma bai yi ƙarya ba, ana juyawa, akwai yaran da aikinsu kenan da 'yar na'ura. To amma bari motar ta isa filinsa a birni, a wanke ta, a goge tayoyi su yi baƙi ƙirin, ka ji abin da zai faɗa wa mai saye: "Alhaji wannan ta wani malami ce a ƙauye, Juma'a kawai yake hawa." Wato labarin da ya ƙi saya a hannunka shi zai sayar da tsada. Ban ga laifinsa ba fa, sana'a ce, kuɗinsa zai kwanta wata biyu ko uku, ga kuɗin fili ga yaran da ke jawo masa kwastoma, dole ya bar wa kansa wuri. Sai dai wurin nan da ya bari daga aljihunka ya fito.

Kafin mu yi nisa, duba mitar nan da kyau. Corolla LE yawanci daga Amurka take zuwa, su kuma da mil suke ƙirga tafiya ba kilomita ba, mil ɗaya kusan kilomita 1.6 ne. In mil ne, 71,000 ɗinka ta kai kilomita 114,000 da ɗoriya. Har yanzu kaɗan ne ga motar 2010, amma ka faɗi daidai, kar mai saye ya gano da kansa ya fara zargin sauran maganarka. Sannan kai shaidar shekarun da ta yi a hannunka kawai kake da ita, abin da aka yi wa mitar kafin ta iso gare ka ba ka gani ba. Lambar chassis ɗin nan mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ana iya sa ta a intanet a biya 'yan kuɗi a ga tarihin motar a can, har da mitarta a wasu lokutan. In ya yi daidai, ka buga takardar ka ajiye.

Mai wayo ma ba mita yake fara kallo ba. Robar birki da ta totur yake dubawa ko sun suɗe, ya shafa sitiyari, ya danna kujerar direba ya ji ko ta lotsa. Motar da ba ta wahala ba a nan take nuna kanta. Kuma kai kana da abin da dila ba shi da shi: mutanen garinku sun san motar, sun san a rumfa take kwana. Shi ya sa mai sayenka na gaskiya yana kusa da kai, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko ɗan kasuwar hatsi, ko abokin aikinka a Hadeja ko Dutse da zai ji labari ta bakin wanda ya yarda da shi.

Amma fa zama ma yana cin mota, wannan ne masu ƙaramar mita ba sa son ji. Batir ya mutu, man da ke tanki ya tsufa, taya ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. Duba gefen tayar za ka ga lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Sai ɓera. Na taɓa buɗe bonet ɗin wata mota da aka ajiye kusa da buhunan gero, na tarar da sheƙa a cikin akwatin iya-filta, da ɓawon gyaɗa cike, an gwaguye wayoyi uku, mai ita yana ta rantsuwa lafiyarta ƙalau. Don haka ka kira bakanike ya juye baƙin mai, ya bi wayoyi, a gyara ƙananan abubuwa. Fenti kam kar ka taɓa, sabon fenti a tsohuwar mota cewa ake ta yi hatsari. Aibin da ka sani kuma ka faɗa, haƙƙi ne.

Yanzu wahalar sayarwa da kanka, don tana nan. Babbarta ba ɓarawo ba ne, ɗan'uwa ne. Da an ji za ka sayar, wani ɗan baffanka zai zo ya ce a ba shi, ga miliyan 4 yanzu, sauran bayan kaka, kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a, shikenan gini ya tsaya, zumunci ma ya tsaya. Ka yanke tun yanzu cewa kuɗi cif ne ko babu, ka ɗora laifin a kan magina in ya kama. Na biyu alat na bogi: saƙon tes ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe asusunka ka ga sun zauna, ko ku je banki tare, sannan makulli ya bar hannunka. Mai son gwaji kuwa ka shiga tare da shi, da rana, da wani naka a baya.

Takardu su ne rabin kuɗin motar. Takardar kwastam, shaidar mallaka, lasin, inshora. A rubuta yarjejeniya da lambar chassis da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa ko dagaci, kowa ya riƙe kwafi. Kuma ka matsa a je ofis a canza suna, don muddin lambar tana kan sunanka, ran da aka yi ɓarna da motar ƙofarka 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa.

Akwai dillali kuma, wanda daban yake da dila: shi ba ya saye, haɗa ku yake ya karɓi la'ada. Yana da amfani in kun yanka la'adar tun farko kuma ka zauna da mai sayen ido da ido, in ba haka ba zai ɗora nasa a sama ya ci ta gaba ya ci ta baya. Abin da ba na so sam shi ne ka kai motar filin wani ka baro ta da takardun asali wai in an sayar a kira ka.

Lokaci ma na da tasiri. Gab da damina kowa neman kuɗin taki yake, masu sayarwa sun fi masu saye, bayan kaka kuwa kuɗi na hannun mutane. In ginin zai iya jira, ka ba kanka sati shida: ka tambayi dila biyu ko uku nawa suke sayar da irinta, ba nawa za su saya ba, ka sa kuɗinka ƙasa da nasu kaɗan. In sati shidan ya cika kuma tayin da kake samu bai wuce na dilan da abin kirki ba, kira shi ku ƙarasa, ba faɗuwa ba ce. Sai dai duk wannan lissafin na yi shi ne a kan cewa takardar kwastam ɗin tana hannunka kuma ta gaske ce. In babu ita ka sake rubuto min, don a nan dila zai fi ka sanin yadda ake yi, kuma kuɗin zai sauka sosai.