Tambaya da Amsa: Wa Ke Da Ikon Cewa Mutum Ya Zama Lauya?

Tambaya: Malam, 'yata ta kammala digirin shari'a bayan shekara 5 a jami'a, muka yi murna da walima, sai ta ce mini har yanzu ita ba lauya ba ce. Wai akwai wata makaranta a gaba, sannan sai wasu dattawa biyu sun sa mata hannu, har da cin wata liyafa. Ina roƙon a yi mini bayanin wannan hukuma da yadda aka tsara ta. Daga wani uba a Gusau.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun wannan yarinya, kuma gaskiya ta faɗa maka. A Nijeriya hukumomi biyu ne ke tsaye a bakin ƙofar aikin lauya: ɗaya tana auna ilimi, ɗayar kuma tana auna hali.

Ta farko ita ce Hukumar Kula da Ilimin Lauya, wadda aka kafa da dokar 1962, domin kafin nan sai mutum ya tafi Ingila ya samo shaidarsa. Ita ke riƙe da Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ta buɗe a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal, daga baya hedikwatarta ta koma Bwari a Abuja, kuma tana da rassa, ciki har da na Bagauda a Jihar Kano da na Yola. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban hukumar, mambobinta kuwa sun haɗa da antoni-janar na jihohi, da shugabannin tsangayoyin shari'a na jami'o'in da aka amince da su, da wakilan Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya. Ita ke tantance tsangayoyin, ta kuma ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. A makarantarta 'yarka za ta yi kusan shekara guda, a tura ta kotu da ofishin lauya ta ga aiki da idonta, ta zana jarrabawar ƙarshe, sannan ta karɓi takardar cancanta.

To, wannan takarda ma ba ta mayar da ita lauya. Ikon yana hannun hukuma ta biyu, wadda a Turance ake kira Body of Benchers, wato Majalisar Dattawan Lauyoyi. Dokar Aikin Lauya ta bayyana ta a matsayin taron waɗanda suka kai ƙololuwar daraja a wannan aiki, ta kuma zayyana masu zama a cikinta. Daga ɓangaren alƙalai akwai Alƙalin Alƙalan Nijeriya da dukkan alƙalan Kotun Ƙoli, da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da masu jagorantar rassanta, da manyan jojin tarayya da na jihohi. Daga ɓangaren gwamnati akwai antoni-janar na tarayya da na jihohi. Su kuwa lauyoyi, shugaban ƙungiyarsu yana ciki tare da mutum 30 da ƙungiyar ke gabatarwa, kuma majalisar da kanta tana iya zaɓo fitattun lauyoyi da ba su wuce 10 ba, waɗanda suka yi aƙalla shekara 15 a bakin aiki. Shugaban hukuma ta farko shi ma yana da kujera a nan, kuma ta haka hukumomin biyu ke haɗuwa. Wasu mambobin suna barin kujera da zarar sun sauka daga muƙaminsu, wasu kuwa ana ba su zama na muddin rai, shugabancin majalisar kuma na shekara guda ne.

A ganina hikimar tsarin ita ce ba a bar mabuɗin a hannun ɓangare guda ba, domin lauya yana iya tsayawa a kotu gobe ya ƙalubalanci gwamnatin kanta, don haka bai dace a ce minista ne kaɗai ke da ta cewa kan wanda zai shiga ba.

Sa hannun dattawa biyu da ya ɗaure maka kai shaida ce daga mambobin majalisar cewa mai neman shiga mutumin kirki ne da za a iya damƙa wa amanar dukiya da sirrin jama'a. Na sani ɗan talaka daga karkara yana shan wuya kafin ya kai ga irin waɗannan manya, kuma wannan ƙorafi ne mai tushe da ya kamata majalisar ta ci gaba da dubawa. Liyafar kuwa al'ada ce da aka gada daga Ingila, ana yin ta sau 3, ɗalibai su zauna cikin baƙaƙen kaya da farare su ci abinci a gaban dattawan, ana lura da natsuwarsu da ladabinsu. Idan kana tunanin sutura, an taɓa hana wata ɗaliba shiga zauren bikin ayyana sababbin lauyoyi a ƙarshen 2017 saboda hijabi, amma a 2018 majalisar ta amince da sanya shi.

Ranar bikin, za ta sanya baƙar alkyabba da hular gashi, shugaban majalisar ya ayyana ta a matsayin lauya, sannan a shigar da sunanta cikin kundin da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ke ajiyewa. Ko bayan nan idon majalisar yana kanta, domin kwamitin ladabtarwa da ke ƙarƙashinta yana iya dakatar da lauya ko ya ba da umarnin goge sunansa daga kundin. Saboda haka ta kiyaye cika fom ɗinta da gaskiya tsantsa, kada ta ɓoye wani hukunci da aka taɓa yi mata a jami'a in akwai, kuma ta fara neman masu sa mata hannu tun da wuri ta hannun malamanta ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi na nan Gusau.