Ki gyara jimlar farko kafin ki aika takardar

Salamu alaikum ƙanwata. Na karanta takardar neman gurbin digiri na biyu da kike shirin aikawa jami'ar Gotingen a Jamus. Turancinki ba laifi. Abin da ya tsayar da ni jimlar farko ce, inda kika ce mayelin, wato rigar da ke naɗe zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kamar robar da ke rufe wayar lantarki ne kawai. Haka aka koya mana a aji biyu, na sani, amma a garin da kike nema ne aka nuna cewa aikinsa ya wuce nan.

Ki ɗauki zaren jijiyar da ya taso daga ƙwaƙwalwa ya gangara ƙasan laka, tsawonsa ya fi rabin mita. Ko'ina a cikinsa akwai mitokondiriya, wato 'yan injinan da ke samar wa zaren ƙarfi, masu neman abinci dare da rana, ga shi mayelin ya naɗe shi tam, ya raba shi da sukarin da ke kewaye. Wanda ya kulle mutum a ɗaki, ai shi zai kai masa tuwo. Tun 1998 aka ga ɓeraye marasa PLP, wani furotin na cikin mayelin, suna yin mayelin kusan lafiya lau, amma zarurrukan da ke ciki su kumbura su lalace. A 2012 ɗakin binciken Klaus-Armin Nave na cibiyar Max Planck da ke Gotingen ya nuna cewa ƙwayoyin da ke yin mayelin, wato oligodendirosait, suna farfasa gulukos su mayar da shi laktet, abincin da zaren zai iya ci. A shekarar kuma mutanen Jeffrey Rothstein na Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa laktet ɗin yana bi ta wata ƙofa mai suna MCT1, in aka rage ta sai zaren ya fara mutuwa, kuma sun same ta a rage a masu ALS, cutar da ke kashe jijiyoyin motsa jiki. Abin da ya fi kama ni ke nan: jijiya na iya mutuwa da yunwa alhali rigarta na nan.

Kin ce ciwon mantuwar Hajiya ne ya ja ki nan. Allah ya ba ta lafiya. Akwai alaƙa, don a 2023 an nuna cewa lalacewar mayelin na ƙara taruwar amiloyid, furotin da ake alaƙantawa da ciwon mantuwa, a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Amma a ɓeraye ne, ƙanwata. Aikinmu yanka ƙwaƙwalwar ɓera ne siriri-siriri da zama gaban madubin likita, wani lokaci sai kin jira shekara guda dabba ta tsufa. Ba na so ki zo da zaton za ki koma gida da magani.

Batun kuɗi kuwa, da Turanci ake karatun kuma ba kuɗin makaranta sai na zango. Wanda bai samu tallafi ba, tun Satumban 2024 biza na neman ya nuna yuro 11,904 a rufaffen asusu, don haka ki nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban waje tallafin karatu, tun yanzu.

Ki sake rubuta sakin farko, ki faɗi tambaya ɗaya da kike son amsawa game da MCT1, ki turo min kafin Juma'a. Ki gaida su Hajiya.