Sun ce garantina ya faɗi, in ci gaba da sayen kayansu?

Tambaya: Shekara takwas ke nan wayar kamfani ɗaya kawai nake riƙewa. Bana gilashinta ya fashe, na kai wa mai gyara ya sa wani. Bayan wata biyu lasifikarta ta mutu. Da na je wurin kamfanin, sai suka ce tunda wani ya buɗe ta, garanti ya faɗi, wai sabon tsarinsu ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. In canja kamfani ne?

Amsa: Malam, kana da gaskiyar jin haushi. Kafin maganar canji, nemo rasit da takardar garantin da suka zo cikin kwalin. A ƙa'ida, sharuɗɗan ranar da ka biya kuɗinka su ne abin riƙo, ba waɗanda aka fito da su daga baya ba. Koma ka nemi su rubuta maka yadda canjin gilashi ya kashe lasifika. Sau da yawa a nan magana take sauyawa.

Wannan rigima ta daɗe. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayan gyaransa, in ba kyauta yake bayarwa ba. A 2018 hukumar kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta gargaɗi kamfanoni shida kan irin waɗannan sharuɗɗa, har da 'yar takardar nan da ake liƙawa a jikin na'ura, mai cewa in an ɓare ta garanti ya tashi. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duba ta inda ka sayi wayar.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarar ɗaura kowane sashe da lambar wayar. Mai gyara zai sa batir lafiyayye, ya rufe, ya kunna, sai saƙo ya fito cewa wayar ba ta san wannan batir ba. Aikinsa bai da aibi, amma an riga an saka maka shakka. Jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar hana wannan a 2024.

Kamfanoni kuwa sun san gyara ne ke riƙe mai saye. Lokacin da Apple ya amsa a ƙarshen 2017 cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyi saboda raunin batir, sai da ya ba da haƙuri, ya kuma rage kuɗin canjin batir a 2018. A 2022 ya fara sayar wa mutane kayan gyara kai tsaye. Google da Samsung sun yi alkawarin sabunta manhaja na shekara 7 ga wayoyinsu Pixel 8 da Galaxy S24.

Shawarata: in suka gyara bayan ka koma, zauna da su. In suka ƙi ba da dalili a rubuce, tafi abinka, ba ka ci amanar kowa ba.

Tambaya: Zan sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, mai sayarwa yana ta matsa mini in biya ƙarin garanti na shekara biyu. Ya dace?

Amsa: Hajiya, karanta abin da bai ƙunsa ba tukuna. Garantin kamfani yawanci na lahanin ƙira ne kawai, babu faɗuwa, babu zubar ruwa. In ƙarin bai rufe waɗannan biyun ba, ba na ganin amfaninsa sosai. In a Tarayyar Turai za ki saya, doka ta riga ta ba ki shekara 2, kada ki biya kuɗin abin da yake naki.

Tambayi mai sayarwar abu uku kafin ki zaro kuɗi: ana iya canja batirin ba tare da an lalata jikin kwamfutar ba? Wa zai biya kuɗin aikawa wurin gyara? Kwana nawa za ki zauna babu ita? Amsar da ya ba ki, ki sa ya rubuta a bayan rasit.