Hukuncin Mai Allurar Insulin Idan Suga Ya Sauka Yana Azumi

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ciwon suga, kuma kwanan nan likita ya ɗora ni a kan allurar insulin. Na saba azumin Litinin da Alhamis. Wata Alhamis bayan la'asar jikina ya kama karkarwa, gumi ya keto min, na daure har magariba don kada azumina ya ɓaci. Shin na yi daidai? Kuma allurar da gwajin jini suna karya azumi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Niyyarka kyakkyawa ce, amma daurewar ba daidai ba ce, kada ka sake.

Abin da ka ji alamun saukar suga ne. Insulin tana kwashe suga daga jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Idan cikin ya zauna babu komai, ko allurar ta yi yawa, ko aka yi aikin ƙarfi, sai suga ya faɗi. Yana farawa da karkarwa, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri da gani dishi-dishi. In an bar shi, magana ta fara sarƙewa, mutum ya rikice, daga nan sai suma ko jijjiga, wani lokacin har rasa rai, domin ƙwaƙwalwa da suga take aiki.

Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29: "Kada ku kashe kanku, lallai Allah mai jinƙai ne a gare ku." Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa mara lafiya ya halatta ya sha azumi idan yana tsoron ƙaruwar ciwo, kuma shan ya zama wajibi idan yana tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Wannan a Ramadan ke nan, ina ga nafila? Likitoci sun sa iyaka: idan na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 (ko 3.9 a wasu na'urorin), ka karya nan take, ko saura minti 5 a kira salla. In babu na'ura a kusa, alamun sun isa hujja. A Ramadan za ka rama yini ɗaya, babu kaffara.

Ka jiƙa suga ƙaramin cokali 4 a ruwa ka shanye, ko zuma babban cokali 1, ko rabin kofin lemon kwalba mai suga. Ka zauna minti 15 ka sake gwadawa. In bai hau ba ka maimaita. Da ya daidaita sai ka ci abinci mai riƙe ciki, kamar burodi ko tuwo. Ko a cikin salla abin ya same ka, yanke ta, ka sha, ka dawo ka sake. Kada ka hau babur ko ka tuƙa mota a wannan halin.

Abin da ya fi damuna shi ne iyali. Sau da yawa mutum ya rikice yana sambatu, sai a ce iska ce, a zauna ana tofi lokaci yana tafiya. Addu'a alheri ce, amma ku yi ta kuna ba shi suga. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti. Ka sanar da maiɗakinka, da abokan sana'arka, da wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, kuma aljihunka kada ya rabu da alawa ko ƙullin suga.

Game da allura, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani ta ƙarƙashin fata ba ta karya azumi. Ɗibar jini kaɗan don gwaji ita ma ba ta karyawa. Ƙarin ruwa mai ciyar da jiki ne ke karyawa. Don haka ka riƙa gwada jininka da rana ba tare da wasuwasi ba.

Shawarata: ka dakatar da Litinin da Alhamis har jikinka ya saba da allurar. Kafin Ramadan da makonni ka koma wa likitanka, kada ka rage ko ka tsallake allura da ra'ayinka. In ya ce za ka iya, ya tsara maka lokutan allura da sahur. In ya ce ciwon ba zai bar ka ka yi azumi ba har abada, sai ka ciyar da miskini ɗaya a madadin kowane yini.

Wallahu a'alam.