Yadda Japanawa ke cewa "ɗan ƙasa kaza"

Ka tambaya wace ɗafa-ƙeya Japanawa ke liƙa wa suna don nuna ƙasar mutum ko sana'arsa. Ta ƙasa ita ce jin, ana rubuta ta da 人, wato mutum. Aikin da Ba- ke yi mana a Bakano ko Balarabe shi take yi, sai dai ita a ƙarshen kalma take zuwa. Nihon shi ne Japan, Nihonjin Bajapane. Haka Amerikajin, Furansujin, Naijeriajin. Ba ta bambanta namiji da mace, ko ɗaya da jam'i. Baƙo ɗan ƙasar waje kuwa gaikokujin ne. Don Allah ka riƙe wannan cikakkiyar, domin gajeriyarta, gaijin, tana ɓata wa wasu rai.

Wajen sana'a ne ake tuntuɓe. Harafin nan dai yakan koma nin: ryōrinin mai dafa abinci, shōnin ɗan kasuwa, shokunin mai sana'ar hannu. Wasu sana'o'in ma ba ruwansu da shi: marubuci sakka ne, likita isha, lauya bengoshi. Shawarata, haddace sunan kowace sana'a ɗungurungum, kada ka ƙera da kanka.