Ki taho Kumasi ƙanwata, amma ki shirya wa ciyawa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga saƙonki, kin ce kin samu admishan na mastas a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi a Ghana, amma Mama tana ta ja da baya saboda alajin nan naki, da an yanke ciyawa kusa da ke sai atishawa da ƙaiƙayin ido, wani lokacin har ƙirji ya riƙe, kuma kin ji labarin mun tone ciyawar ƙofar gidanmu saboda yarinyata, kina tambaya ko abin ya yi amfani. Ya yi amfani, amma ba kamar yadda kike zato ba, kuma ni dai ban ga dalilin da zai sa ki bar karatu saboda wannan ba.

Gaskiya Kumasi ba Zariya ba ce. Nan damina biyu ake yi, babbar daga wajen Maris zuwa Yuli, sai ruwa ya ɗan lafa a Agusta, ƙaramar kuma Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara yana kai wajen milimita 1,400. Toh kin ga ciyawa ba ta hutawa, can gida ta bushe wata da watanni ki samu sarari, nan kuwa yau an yanke jibi ta taso. Ita kanta jami'ar ai lambu ce guda, filaye kore shar ko'ina, ga rafin Wiwi ya ratsa ta tsakiya.

Mu da muke unguwar Aboabo ba mu ma san yarinyar tana da wannan matsalar ba, don tsakar gida siminti ne, zango kuwa kin san babu filin da ciyawa za ta samu. Sai da muka koma haya wajen Asokore Mampong, gida mai ɗan fili a gaba an shuka ciyawar ado, sannan abin ya bayyana. Ranar da mai yanka ya zo da injin nan da ake ratayawa a kafaɗa, kafin magariba idonta ya yi jajir ya kumbura, hanci na zuba, dare ya yi tana tari har asuba. Likita ya yi mana bayani cewa garin furen ciyawa ne, ba ya ganuwa, iska ce ke ɗaukarsa, shi kuma yankan yana tayar da shi haɗe da ƙura da funfunar da ke kwance a gindin ciyawar.

Baban yara ya fara neman izinin mai gidan hayar tukuna, wannan dole ne, ba a taɓa filin mutum haka kawai. Aikin kuma wallahi ya fi yadda muka ɗauka, saboda akwai kiri-kiri a ciki, ita kuwa in kin bar ɗan guntun saiwa kamar ɗan yatsa a ƙasa to ta dawo. Maƙwabta suka ce a fesa maganin ciyawa kawai a huta, ni na ƙi, gidan da yara ke wasa da ƙasa ga mai tari a ciki. Sai aka sa lebura suka tone da diga da shebur har saiwa, aka tsince, aka shimfiɗa baƙar leda mai kauri aka danne da duwatsu aka bar rana ta dafa abin da ya rage na wasu makonni. Bayan nan aka yi hanyar intalok daga get zuwa baranda, sauran wajen aka zuba tsakuwa.

Siminti gaba ɗaya shi ne mutane suka fi yi, ni ban so shi ba, yana riƙe zafi har dare kuma ruwan sama ba ya samun inda zai nitse sai ya kwarara titi, duk wanda ya zauna Aboabo da damina ya san abin da nake nufi. Ciyawar roba ma mun duba, ga tsada ga zafi da rana tsaka kamar an ɗora ta a kasko, kuma tana tara ƙura sai an riƙa wanke ta. A gefen katanga na dasa zogale da lalle da wasu furanni masu manyan kai, irin waɗannan ƙwari ne ke ɗaukar garinsu ba iska ba, shi ya sa ba su cika damun mai alaji ba. Sauro ma ya ragu, wannan riba ce da ba mu yi lissafinta ba.

Yarinya ta samu sauƙi sosai, tana wasa a ƙofar gida ba ta dawowa da ƙuraje a ƙafa. Amma ba ta warke ba. Maƙwabci ya yanke tasa ta yi atishawa, makaranta a yanke filin ƙwallo ta dawo da jan ido, iska ai ba ta san katanga ba. Ke kuma ɗaliba ce, ba ki da filin da za ki tone, ba kuma wanda zai kwashe miki ciyawar jami'a, don haka naki aikin yana wajen zaɓen ɗaki ne da magani.

Ɗaki dan Allah kar ki biya daga Najeriya don kin ga hoto. Hostel na shekara ake biya gaba ɗaya, masu gidajen haya ma shekara ɗaya ko biyu suke nema duk da dokar haya ta 1963 wata shida ta ce, in kin ba da kuɗi fitowarsu sai Allah. Ki zo ki sauka wajenmu mu zaga unguwannin da ke kusa da jami'ar, Ayeduase da Kotei da Bomso, ko Ayigya in kina son kusa da zango da masallaci. Ki nemi bene, hawa na biyu ko na uku, tagar da ba ta kallon fili ko jeji. Ki shinshina ɗakin, ki buɗe wadirof, ki duba bango ko yana jiƙa, don laimar garin nan tana kawo funfuna har a takalmi da jaka, kuma mutane da yawa ita ce ke riƙe musu ƙirji suna ɗora wa ciyawa laifi. Banda kafet. Sannan wata ɗabi'a da za ki gani wajen ɗalibai, shanya a kan ciyawa, ke kar ki kuskura, hijabinki da zanen gadonki a igiya, in kin dawo daga lakca ki cire hijabin ki wanke fuska kafin ki hau gado.

Magani akwai a kemis ko'ina, cetirizine da loratadine ba wahalar samu, Piriton dai yana sa barci kar ki sha ki shiga aji. Takunkumi ki ajiye a jaka saboda ranar da za ki ci karo da masu yanka a hanya. Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yana zuwa da ƙurarsa, amma ke da kika saba da na arewa wannan wasa ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne riƙewar ƙirjin da kika ambata. Ki je ki ga likita tun kina gida a duba ko asma ce, in ita ce ya rubuta miki inhela da takardar bayani ki taho da su a jakar hannu tare da katin rigakafin shawara, don shi ana tambaya a boda. Jami'ar tana da asibitinta a ciki, in abu ya yi girma kuma ga babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye a unguwar Bantama. Ki faɗa min, ƙirjin da dare yake tashinki daga barci ko sai an yi yanka kusa da ke?